Igwar da Vernon Ya Ƙi Harbawa

Duk gundumarmu, kai har maƙwabtanta, babu wanda ya mutu sau da yawa kamar mijina, Vernon Tackett. Ya mutu a gonar masara, ya mutu a bakin rafi, ya mutu a filin ƙwallon sakandare ana tafka ruwa, kuma duk mutuwar da ya yi ni ce mai wankin kayan. Kakin nan na ulu ne fa, in ya sha laka sai ka ce bargo ka jiƙa.

Mu nan Kentucky, da zarar zafi ya shigo sai mazanmu su zare. Su ciro kakin yaƙin basasar ƙasarmu na zamanin kakanni daga akwati, rabi shuɗi na 'yan Arewa, rabi toka-toka na 'yan Kudu masu kare bauta, su jeru a fili su yi ta harbin juna da albarushi ba harsashi, mu mata muna bayan igiya da shayi mai ƙanƙara muna kallon ikon Allah. Vernon toka-toka yake sawa. Kada ka ɗauka wata aƙida ce, kakanninsa sun yi yaƙin ta kowane ɓangare kamar na kowa a nan. Ranar da ya je sayen kaki, toka-tokar ce kaɗai ta rufe masa tumbi.

Aikinsa na gaskiya kuwa tuƙin bas ɗin makaranta, a kansa ya yi ritaya. Mutum ne da bai san sauri ba. In yaro ya makara, ya taho a guje da takalmi ɗaya a hannu, Vernon zai tsaya ya jira shi, motoci su yi layi a baya suna ta danna oda, shi ko a jikinsa. Ni kuwa zafi gare ni, kowa ya sani. Nakan ce masa, "Vernon, kai ko gidan nan ya kama da wuta sai ka shanye kofinka za ka tashi." Sai ya ce, "To in na bar shi ai ƙonewa zai yi, Lorene."

A filin yaƙin nasu, tunda babu harsashi, ba wanda ya san wa aka harba. Kowa shi yake zaɓar lokacin faɗuwarsa, kuma yawancinsu ba sa son faɗuwar. Mutum ya sha tuƙi, ya kafa tanti, ya ɗura albarushinsa, sannan a ce ya kwanta cikin tururuwa tun ba a je ko'ina ba? Sai ka ga an yi ta ɓarin wuta, hayaƙi ya turnuƙe, amma kowa na tsaye ƙiƙam kamar turakun wayar lantarki. Ban da Vernon. Shi a wurinsa, in mutum ya durƙusa, ya auna ka da kyau, ya harba, to ka faɗi. Girmamawa ce. "Ya yi nasa aikin," in ji shi, "ni ma in yi nawa." In kuwa wanda ya auna shi aboki ne, ko sabon shiga da iyalinsa ke kallo, ranar za ka ga mutuwa mai kyau. Ya dafe ƙirji, ya yi taga-taga, hula ta yi nata wuri, ya zube rim. Har tafi ake masa. Akwai wani mai sayar da taya daga Ohio da har yau yake bugo mana waya duk Kirsimeti, don kawai Vernon ya mutu masa a gaban surukarsa.

Gwiwa ce ta raba shi da filin. Faɗuwar yana iyawa, tashin ne ya gagara. Rana ta ƙarshe sai da gawa biyu suka miƙe suka ɗaga shi. Likita ya ce ya isa haka. Ya dawo ya tare a baranda, ya daina ba'a, ya daina neman ƙari in na zuba masa abinci. Abin ya dame ni ƙwarai, don ranar da Vernon ya ƙi ƙarin wake da burodin masara, to ba lafiya ba.

Otis Gilliam ne ya cece mu. Otis mai aski ne, shagonsa na kan babban titi kusa da kantin magani, kuma shi yake yi wa Vernon aski tun Vernon na da abin askewa. Baƙar fata ne, dogo, siriri, mai tsabta har ta so ta yi yawa, dattijo ne a cocinsu. Bai taɓa zuwa kallon yaƙin filin ba. "Ni in tsaya cikin rana," yakan ce, "ina kallon ƙattai suna sake yaƙin da aka riga aka cinye su? Allah ya kiyaye." Amma a ɗakin bayan shagonsa yana da kwamfuta, yana da wani wasan yaƙin basasar, irin wanda ake shimfiɗa maka taswira, a ba ka runduna, kai ne janar. Tun rasuwar matarsa Marcella yake bugawa shi kaɗai.

Wata Lahadi ya zo cin abinci, ya dubi Vernon zaune jugum, ya ce, "Gawa, tashi. Na samo maka yaƙin da ake yi a zaune."

Gawa yake kiransa. Vernon kuma Almakashi yake ce masa. Ni dai 'yar'uwa Lorene ce a bakinsa, shi kuma ɗan'uwa Otis a nawa, kamar yadda muke yi a coci.

Tun daga ranar Lahadinmu ta samu tsari. Cocinmu na tashi da wuri, nasu Otis kuwa sai fasto ya gaji don kansa. Kafin ya iso na soya kaza. A ci, a sha, sannan su shige ƙaramin ɗakin da yake na 'yarmu kafin ta yi aure, inda Otis ya sa wasan a kwamfutarmu. Kwamfuta ɗaya ce, kujera ɗaya a gabanta. Ɗaya zai zauna ya ba sojojinsa umarni, ɗayan ya fita baranda don kada ya leƙa. Sai su yi musanya. In kowa ya gama, su zauna tare, a danna maɓalli, su kalli abin da umarnin nasu ya haifar. Otis kullum shuɗi. "Ni da toka-toka? Ko a mafarki." Vernon bai taɓa musu ba, ya riga ya saba da launin.

A tsohon wasan sojojin 'yan akwatuna ne masu lamba a jiki. Akwati ya gamu da akwati, lambar wani ta ragu, shi ke nan an yi yaƙi. Otis ya fi cinyewa, don shi mai lissafi ne, Vernon kuwa sai ya tsaya jiran wata bataliyarsa da ta makara har a zagaye shi. Amma ya dawo da neman ƙari. Ni ina ɗakin girki ina wanke-wanke, ina jin su suna musu kamar yara, "Ka leƙa!" "Ban leƙa ba, taga na rufe maka!" Ban ɓoye ba, wannan hayaniyar ta fi mini kowace waƙa daɗi. Otis ma ya yi ɗan kumatu, shi da yake cin abincin gwangwani a tsaye tun da ya rasa Marcella.

Haka aka yi shekaru. Sai wata Lahadi cikin kaka suka kunna kwamfuta, wasan ya ce a dakata, yana sabunta kansa. Ba wanda ya roƙe shi. Suka fito suka ci kek ɗin tuffa suna jira. Da suka koma sai na ji Vernon ya ce, "Kai! Lorene, zo ki gani!"

Akwatunan sun tafi. Ga tuddai, ga itatuwa, ga shingayen katako irin na gonakinmu, har da shanu. Sojoji kuwa mutane ne 'yan mitsi-mitsi, suna tafiya a jere, tuta na kaɗawa, ganga na tashi.

Satin nan gaba ɗaya ban huta ba. Vernon ya yini yana gwada wasan shi da kwamfutar, duk abin da ya gano sai ya biyo ni da shi har wajen shanya.

"Lorene, yanzu ana ruwa a ciki! In aka yi ruwa hanya ta zama laka, igwa ta kafe, dawakai su yi ta ja. Ja ce lakar, irin tamu sak. Zo ki ga laka!"

"Na ga laka, Vernon. Shekara nawa ina wanke ta?"

Abin da ya fara ba shi haushi shi ne umarni. A da, in ka ce bataliya ta juya hagu, nan take ta juya. Yanzu sai manzo ya hau doki ya kai saƙon, wani lokaci ya makara, wani lokaci a harbe shi a hanya, bataliyar ta ci gaba da tafiya inda ka riga ka fasa. Ya yi ta mita. Can kuma sai ya zo yana dariya. "Ai gaskiya suka yi. Kamar bas ne. Ka ce a zauna daga gaba, sai an wuce gada maganar take isa kujerar baya." Tun daga nan ya ƙaunaci manzannin, har tausayinsu yake ji.

Sojojin ma yanzu suna gajiya, suna jin yunwa, in wuta ta yi wuta su watse da gudu, ka yi ta kira ba mai waiwayowa. Wannan ya burge shi. Rubutun ne bai burge shi ba, sun ƙanƙance shi kamar ƙwan kwarkwata, sai ya ɗora tabarau a kan tabarau. Maɓallan da ya saba da su duk an sauya musu wuri, ya je neman abincin dawakai ya tsinci kansa yana korar janar. Kiɗan kuma ya ce na jana'iza ne, ya kashe shi. Amma babban ƙorafinsa, wanda ya faɗa da gaske fuska a murtuke, shi ne faɗuwa.

"Ba su iya mutuwa ba, Lorene. Duk iri ɗaya suke zubewa, kamar an ture itace. Ba mai dafe ƙirji, ba mai jefar da hula. Wanda ya zana wannan bai taɓa kwanciya a fili ba."

"To ka je ka koya musu."

"Duk da haka dai," ya ce, yana shafa sanƙonsa, "ya fi na da. Wancan lissafi ne. Wannan mutane ne."

Akwai abu ɗaya da Vernon bai gano ba, don a ɓangaren shuɗi yake. Otis ne ya gano shi, bayan wasu makonni, lokacin da yaƙin nasu ya kai shekarunsa na ƙarshe. Yana cikin ɗaki, Vernon na baranda, sai aka ji shiru ya yi yawa. Na leƙa. Otis na zaune ya kafa wa allon ido, hannunsa a kan baki.

"Lafiya, ɗan'uwa Otis?"

"Sun sa mu, 'yar'uwa Lorene," ya ce a hankali. "Sun sa mu a ciki."

A tsohon wasan babu sojan baƙar fata ko ɗaya. A sabon, in lokacin ya yi, mai riƙe da Arewa zai iya kafa bataliyar baƙaƙen fata a nan Kentucky, kamar yadda aka yi a gaske. Ga su nan a allon, cikin shuɗin kaki, sun jeru. Wasan har yana ba ka dama ka raɗa wa sajen da ke riƙe da tuta suna. Otis ya rubuta da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi: Isom Gilliam.

Kakan kakansa ne. A teburin ya ba mu labari, ranar bai ma taɓa kek ɗin ba sai da ya gama. Isom bawa ne a wata gonar taba. Ya gudu da ƙafa, ya bi daji har sansanin sojan da ke bakin kogi, ya ce a ba shi kaki. Vernon ya saurara tsit, cokali a hannu. Da aka gama ya ce, "Allah ya jiƙan maza." Na yi murna ranar, don na ga Otis na tafiya gida kamar an rage masa shekara goma.

Lahadin da ta biyo baya yaƙin ya kawo su wani mashigin rafi. Vernon na da tudu a wannan gaɓar, ya jera igwoyinsa a kai, bakinsu na kallon ruwan. Duk wanda zai haye sai ya bi ta gabansu. Wanda Otis ya turo ya haye kuwa, bataliyar Isom ce.

Vernon ya daɗe a ɗakin. Na kai masa kofi na same shi ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, bai motsa ba, yana kallon 'yar tutar nan a bakin ruwa. Da suka zauna tare aka danna maɓalli, sai igwoyin suka juya baya suka gangara daga tudun. Bataliyar Isom ta haye ko tari ba wanda ya yi.

"Af!" in ji Vernon. "Manzon nan ya kai saƙon da ba shi ba."

Otis ya yi dariya har da buga cinya. "Gawa, ko manzanninka ma makara suke yi!"

Mako na gaba laka ce ta riƙe igwar. Na gaba kuma sojojin ne suka gaji. Ni dai tun a na biyu na gane, don na san fuskar mijina in yana ƙarya, kunnuwansa ja suke yi. Otis ma ba yaro ba ne. Ya lura duk sauran bataliyoyinsa Vernon na dukansu bakin rai bakin fama, har ya fi da iyawa, don sabon wasan na masu haƙuri ne. Amma duk inda tutar Isom ta dosa sai hanya ta buɗe.

Ina yanka kek na ji muryar Otis ta sauya. Ba ihu ya yi ba, shi ba ya ihu. Ƙasa ya yi da ita.

"Vernon." Ba Gawa ba, Vernon. "Yaro ka ɗauke ni?"

"Me na yi?"

"Ka ga gefensu a buɗe. Makaho ma ya gani. Ka janye."

Na zo bakin ƙofa da wuƙa a hannu. Vernon ya yi ta murza hularsa, can ya ce, "Faɗuwa na yi maka, Almakashi. Ka san yadda muke yi. In mutumin kirki ya taho, ka faɗi. Girmamawa ce."

"Ka faɗi mini? Ni mai taya ne daga Ohio?"

"Haba, Otis."

"Ko a filin naku ai sai mutum ya harba kake faɗuwa. Waɗannan ko bindiga ba ka bari sun ɗaga ba."

Ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya ce, "Na gode da abinci, 'yar'uwa Lorene." Ya fita ya ja ƙofar a hankali. Da ya buga ta ma da ya fi mini sauƙi.

Lahadin da ta zo na soya kaza kamar kullum, na jera faranti uku. Muka jira har ta huce. Otis bai zo ba. Vernon ya ci cinya ɗaya ya ture farantin. Raina ya ɓaci, da shi, da Otis, da mutanen da suka taɓa wasan da ba wanda ya ce su taɓa. Na tuna Otis can shi kaɗai yana buɗe gwangwani, na dubi wannan yana shirin komawa zaman baranda, sai na ji tsoro ya kama ni. Tsofaffi biyu in suka yi zuciya, kafin a farga shekara ta wuce, kuma shekarun ba su da yawa a hannunmu.

"Sai ka tashi ka je ka ba shi haƙuri," na ce.

"Haƙurin me? Lorene, ki duba fa. Mutum ya zo gidana, ya ci abincina, ya faɗa mini yadda kakan kakansa ya gudu daga bauta. Sannan ni, da toka-toka, in juya igwa in harbe shi? Da wane idon zan kalle shi?"

Ni ma da na tsaya a wurinsa hannuna zai yi nauyi. Amma na san zama ba zai gyara ba.

"Gobe za ka aski."

"Wane gashin?"

"Na kunne. Ya yi yawa."

Ni na tuƙa shi, saboda gwiwar. Muka tarar ba kowa a shagon. Na zauna a bencin jira na ɗauki wata tsohuwar mujalla, ban ko buɗe ba. Otis ya gaishe ni, ya kaɗe kujera, ya yafa wa Vernon ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ina jin ya ɗan matse fiye da kullum. Almakashi ya yi ta ƙyas-ƙyas a kan abin da babu. 

Can Otis ya ce, yana kallon madubi, "Ban ƙarasa muku labarin ba ranar nan. Da Isom ya isa sansanin, kakin sun ba shi. Ka san me suka haɗa masa da shi? Shebur."

Vernon ya ɗago ido.

"Shebur. Su haƙa rami, su gyara hanya, su yi gadin amalanke. Manya suka ce waɗannan ba za su tsaya gaban wuta ba, da sun ji igwa za su watse. Kakana ya ce har Isom ya tsufa, in ya ba da labarin, ba bulalar gona ce take sa muryarsa rawa ba. Shebur ɗin nan ne. Ya yi tafiyar nan duka don a ɗauke shi soja, aka ƙi." Ya ajiye almakashin. "Ranar da ka janye igwar nan, Vernon, shebur ka sake miƙa masa."

Kunnuwan mijina suka yi ja, wannan karon ba na ƙarya ba.  Sannan ya ce, "Ban sani ba, Otis. Allah na gani, ni alheri na nufa."

"Na sani. Shi ya sa na ƙyale maka kunnen."

"To in na harba ya mutu fa?"

Otis ya kwance ƙyallen, ya kaɗe shi. "Ka harba mu gani."

Ranar Lahadi ya iso da rigar cocinsa, ya ci kaza, ya nemi ƙari. Suka yarda a mai da wasan baya, zuwa ranar mashigin rafin. Ga tudu, ga igwoyi, ga tutar Isom a bakin ruwa. Otis ya ba da nasa umarnin ya fita. Vernon ya zauna. Wannan karon bai ɓata lokaci ba, ya danna abin da zai danna, ya ƙara da bataliya biyu a bayan shinge, ya kira, "Shigo, Almakashi." Na bar wanke-wanken na tsaya a bayansu da tsumma a kafaɗa.

Aka danna maɓalli. 'Yan shuɗin suka shiga ruwa har ƙugu. Suna kaiwa tsakiya tudun ya kama da wuta gaba ɗaya. Hayaƙi ya rufe rafin. Da ya ɗan yaye sai ga layin ya ɓalle wuri-wuri, mutane na zubewa cikin ruwan. Vernon ya riƙe gefen tebur. Igwoyin suka sake harbi. Layin ya tsaya cak, ya yi rawa, na ce a raina shi ke nan, yanzu za su juya. Sai tutar ta faɗi. Wani ɗan mitsitsin soja ya sunkuya ya ɗauke ta, suka ci gaba, suka fito gaɓar, suka durƙusa a bayan duwatsu suka buɗe wuta. 'Yan bayan shingen Vernon ne suka fara ja da baya. Tudun dai bai faɗi ba, su ma ba a kore su daga gaɓar ba. Kusan rabin bataliyar ya tafi.

A ƙasan allon wani ɗan rubutu ya fito. Vernon ya ɗora tabarau a kan tabarau ya karanta.

"Otis," ya ce. "Saje Gilliam ya faɗi. Na kashe shi."

Otis ya matso da fuskarsa dab da allon, yana bin 'yan sojojin da ke bayan duwatsun da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ka rage wani abu?" ya tambaya.

"Ban rage ba. Duk abin da nake da shi na zuba."

"Sun gudu?"

"Ba su gudu ba."

"Faɗa da ƙarfi, Gawa, kunnena ya tsufa."

"Ba su gudu ba, Otis. Sun tsaya."

Otis ya miƙe tsaye, ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Ni kam hawaye ya riga ya zubo mini, ban ko ɓoye ba.

"To daina wannan fuskar," ya ce. "Isom ya tsufa har haƙoransa suka zube. Ya goyi kakana a kafaɗa. Ka harbe shi duk Lahadi in kana so. Ni ne shaidar, ga ni tsaye a kanka, ina jira ka tashi daga kujerar. Ni ne da wasa."

Vernon ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, ya nufi baranda yana share ido da bayan hannu. Otis ya ja kujerar, ya mai da tabaransa, ya tura manzo ya gaya wa sauran bataliyar su hau tudun.